Sha'ibu Ya Ƙaura

Da dariya aka gaya wa Sha'ibu Tankari labarin mutuwarsa, kuma wanda ya gaya masa taubashinsa ne, don haka da farko bai ɗauki maganar da zafi ba.

Ga yadda aka yi. Sha'ibu direba ne na masu allurar dabbobi a Dogon Dutsi. Tun yana da baƙin gashi yake jan motarsu, daga Dogon Kiriya har gangaren Tibiri, babu rijiyar makiyaya da bai taɓa shimfiɗa tabarma a bakinta ba. Motar ta tsufa, shi ma ya tsufa. Ita aka ɗora ta kan duwatsu a bayan ofis, shi kuma aka ba shi ritaya. Abin da ya fita da shi ciwon baya ne da ɗan fansho. Kuɗin haya a Dutsi kuwa bai san ɗan fansho ba, sai ya ce da matarsa Shatu su tattara su koma gida, Angwal Ɗunya, ƙauyen da aka binne cibiyarsa, can bayan Dumega.

Ya bi komai daki-daki, don shi mutum ne mai tsoron takarda. Ya je wurin mai unguwarsu na Dutsi ya ce a cire kansa daga lanho, harajin nan da ake biya wa kowane kai duk shekara. Mai unguwa ya ce to, amma shekara a nan ta kama shi, sai ya biya na bana kafin a sake shi. Ya biya, aka ba shi 'yar takardar sallama. Ya mayar da makullin gidan haya, ya loda gado da tukwane a motar kasuwa. A ƙauye ya tada ɗaki biyu na tubali a gefen gidan ubansu, saura rufi. Kwanon rufin kuwa yana cikin fanshon da zai ɗauka, ga bazara ta tsufa, gabas ta fara haɗa rai.

Da lokacin ɗauka ya yi, ya hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Dumega, ya shiga mota ta Kore Mairuwa har Dutsi, ya bi layin tsofaffi. Da ya kai taga, ma'aikaciyar da ke ciki ta duba ta sake dubawa, ta turo masa katinsa.

"Baba, takardarka ta rai ta ƙare. Sai ka kawo sabuwa."

"Ɗiyata, ga ni tsaye gabanki. Kin taɓa ganin gawa ta bi layi?"

"Ni na gan ka, Baba. Injin nan ne bai gan ka ba."

Ta ce tunda ya bar Dutsi, sai ya karɓo ta a meri, wato ofishin magajin gari, na inda yake zaune yanzu. Ya juya. A merin Dumega aka ce ba wuya, ya kawo tikitin lanho daga hannun mai garinsu, shaidar cewa mutumin garin ne, nan take a buga masa hatimi. Ya sake juyawa. Bayansa na zogi, amma ransa kwance: mai garin Angwal Ɗunya ai Zaidu ne, ɗan kawunsa, tare suka yi kiwon awaki.

Ya tarar da shi a zaure yana ɓare gyaɗa. Suka gaisa, Sha'ibu ya zaro kuɗi ya ajiye kan tabarma.

"Ga lanhona. Ba ni tikiti, sauri nake."

Zaidu ya dubi kuɗin, ya dubi Sha'ibu, sai ya fashe da dariya har gyaɗa ta sarƙe shi.

"Maida abinka aljihu, tobashi. Ni ban karɓar lanhon matattu."

"Kai dai rawani bai ƙara maka hankali ba. Ba ni tikiti."

"Wallahi ba wasa nake ba. Kai ai ka daɗe da mutuwa. Ko ba a gaya maka ba?"

Sha'ibu ya yi masa duban da ake yi wa mai taɓin ƙwaƙwalwa. Zaidu ya share hawayen dariya, ya gyara zama.

"Ka tuna shekarar da ka samu aiki? Shekarar da hatsi ya ƙone a tsaye, mutane sunka koma cin ɗiyan anza na daji? To bayan tahiyarka masu ƙidaya sunka zo, lokacin ubana ke da garin. Anka kira gidan Tankari, wanka Ɗantala ya tashi, don tsoho na kwance. Anka ce ina Sha'ibu? Ya sunkuyar da kai ya ce, 'Ya ƙaura.' Malamin ƙidaya dattijo ne mai ladabi. Ya ajiye alƙalami ya ce Allah shi jiƙan shi, ya ɗauka ya ja layi. Shi ke nan, ka tahi."

Sai a lokacin abin ya sauka a cikin Sha'ibu. Ƙaura kalma ce mai baki biyu. Wanda ya ɗaure kayansa ya sauya gari, ya ƙaura. Wanda aka ɗauka a makara aka kai makwanci, shi ma masu kunyar ambaton mutuwa sukan ce ya ƙaura. A bakin mutane bambancin kaɗan ne, amma a wurin lanho ba kaɗan ba ne. Wanda ya sauya gari yana nan a wuyan danginsa har ranar da ya aiko da shaidar inda ya sauka. Mamaci kuwa a ranar yake faɗuwa daga lissafi.

"To sai a gyara," in ji Sha'ibu.

"A gyara?" Dariyar Zaidu ta ɗan ja baya. "Tada mamaci ba aikin mai gari ba ne."

Ɗantala na gona yana sassabe, a ɓangaren da ke gangarawa fadama, inda wani babban iccen gawo yake. Wannan ɓangaren ne ubansu ya nuna da sanda tun da ransa ya ce na Sha'ibu ne in ya dawo. Sha'ibu bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Yaya, kai ka kashe ni?"

Ɗantala ya jingina gatari, ya goge goshi da gefen riga. Bai tambayi wace magana ce ba, alamar ya daɗe yana jiran ta.

"Ka ƙaura ko ba ka ƙaura ba?"

"Na ƙaura Dutsi!"

"To mi na hwaɗi na ƙarya? Ni bakina gaskiya ya hwaɗi. Kunnen malam ne ya ji abin da ya ji."

"Da ya ce Allah shi jiƙan ni, mi ka ce?"

"Na ce amin."

"Ka ce amin!"

"Haba Sha'ibu. Akwai Musulmin da za a roƙa wa ƙanensa jinƙai shi ƙi cewa amin? Ko ba ka son Allah shi jiƙan ka?"

Ɗantala ya ɗauki gatarinsa.

"Shekarar nan ko akuya ba ta rage mana ba. Kai kana Dutsi kana cin shinkahwa. Kanka guda da ya hita daga wuyana, shi ya sai mana kwanon dawa. In ka ga laihi, kai ƙara wurin yunwa."

Ya ci gaba da saran sabara kamar an gama magana.

A gida Shatu na tankaɗe a inuwar bangon da ba rufi. Ta saurara har ƙarshe, ta ajiye rariya.

"Ashe gawa na aura. Da an gaya mini da sadakin ya hi haka."

"Shatu, ba lokacin ba'a ba ne."

"To in yi kuka? Takabar ma ta wuce ni tun ban shiga ɗakinka ba." Ta ɗaga kai ta dubi gabas, inda hadari ya yi gungu kamar taron raƙuma. Muryarta ta sauka. "Malam, in ruwa ya sauka kan tubalin nan tsirara, laka za shi koma. Mun bar na haya, ba mu da na kanmu. Ni dai ban iya wata ƙaurar."

Sha'ibu ya dubi bangon. Shi ma bai iya.

Ya sake kama hanyar Dutsi. Kujerar baya aka ba shi, kan taya, kowane rami sai ya ji shi a ƙashin baya. Dabarar da ya ƙulla a hanya mai sauƙi ce: tunda a Dutsi yana da rai, sai ya koma mutumin Dutsi a takarda, jikinsa kuma ya zauna ƙauye. Abin da ake bukata mai gida ne da zai tsaya gaban mai unguwa ya ce a gidansa yake. Yana da shi kuwa: Mus'ab, ɗan ƙanwarsa, mai shagon kayan babur a bakin tasha, saurayi mai gemu da ɗangalallen wando, wanda ba ya wasa da sahun farko.

Mus'ab ya tare shi da murna, ya kore yaran shago daga benci, ya aika aka sayo fura mai sanyi. Da ya ji bukatar, sai fuskarsa ta canza.

"Kawu, in dawowa za ka yi da zama, ga ɗaki nan bayan shago, wallahi ko dala ba ni karɓa. Yau ma sai mu je wurin mai unguwa. Amma in tsaya in ce kana zaune inda ba ka zaune, wannan shaidar zur ce. Ka fi ni sanin inda take kai mutum."

"Ni na ɗauke ka a mota zuwa likita ranar da ƙyanda ta so ta kashe ka."

"Na sani, Kawu. Shi ya sa ba ni son in raka ka wuta."

"Wutar ai ina cikinta."

Duk da haka ya leƙa ɗakin. Tsofaffin tayu ne jibge har rabin bango, ƙasa ta sha baƙin mai, taga ɗaya tana kallon makewayin tasha. Ya ƙiyasta Shatu a ciki da rariyarta. Ya ja ƙofar ya rufe.

"Kawu, abin nan c'est simple, mai sauƙi ne," in ji Mus'ab. "Ka je meri kai tsaye, ka ce an yi kuskure, ga ka da ranka, a goge layin. Gaskiya ba ta bukatar ɗan rakiya."

Sha'ibu ya dube shi. Yaron bai taɓa zaman ƙauye ba. Amma da yake babu wata ƙofar, sai ya ɗauki wannan ya sa aljihu.

Da ya dawo bai ɓoye ba. A bakin rijiya ya faɗa, inda ya san magana ba ta kwana: ranar kasuwar Dumega zai shiga meri ya tada kansa da kansa, wanda zai ji kunya ya ji.

Ba a kai ranar kasuwa ba. Ana sallame la'asar, ya miƙe zai ɗauki takalmi, sai ya ga babu wanda ya motsa. Zaidu na zaune a gefen liman, yau babu gyaɗa, babu dariya.

"Tobashi, zauna. Dubi sahun nan da kyau."

Sha'ibu ya duba. Tsofaffin garin ne, waɗanda ya sani tun suna yawo ba wando.

"Ga Jibrilla ladan," in ji Zaidu. "Ya mutu tun yana dako a Ikko. Ga Iro mahauci, shi a Kwatano ya cika. Wancan na jikin ginshiƙi, da shi da ƙanensa rana guda sunka tahi. Kana tsammanin Ɗantala kaɗai ya iya sunkuyar da kai? Da mutane sunka ga yadda kalmar ta yi aiki, kowane gida mai ɗa a bariki ya ce nashi ma ya ƙaura. Rabin sahun gaba matattu ne."

Wani ya yi tari. Jibrilla ladan ya gyara hularsa.

"Ni dai tun da na mutu ban ga abin da ya rage ni da shi ba," ya ce. "Ina kiran salla, ina noma, na aurar da ɗiya."

"Kai ba ka da fansho," in ji Sha'ibu.

"To ai ka ji inda mutuwa ta hi sauƙi ga talaka."

Aka ɗan yi dariya, ta mutu da wuri. Zaidu ya matso.

"Ka shiga meri ka ce kana da rai, mi kake tsammani? Za su ce ashe littahin Angwal Ɗunya na da rami. Su turo a sake ƙidaya gida-gida. Duk wanda anka tarar yana numfashi, a bi gidansu bashin shekarun da ya yi a kabari. Cikin bazarar ga, rumbuna sun ga ƙasa, iri ma sai an ranto. Rawanin ga kuwa su tuɓe shi, wannan bai dame ni ba, ya ishe ni da ƙaiƙayi. Amma kai da wa za ka zauna bayan nan? Wa za shi kama maka rufin?"

Ran Sha'ibu ya ɓaci, irin ɓacin da ba shi da ƙarfin tashi tsaye.

"To in ci mi? Ku gaya mini. Na yi wa gwamnati tuƙi har bayana ya karye. Abin da ta ajiye mini na nan bayan taga, ina ganin shi, an ce sai na nuna ina da rai. Dutsi sun ce na tashi. Ku kun ce na mutu. Ina zan tsaya a gan ni?"

Can waje jaki ya yi kuka ya gaji. Zaidu ya daɗe yana murza gemu, sa'an nan ya ɗago.

"Mamaci ba ya tashi," ya ce a hankali. "Amma baƙo yana zuwa."

"Ban gane ba."

"Takardar sallamar da mai unguwar Dutsi ya ba ka, tana nan?"

"Tana nan."

"Mi ta ce? Ta ce wani mutumin Dutsi ya tashi. To ga shi ya iso. Ni mai gari ne, baƙo ya zo neman wurin zama, na karɓe shi. In buɗe maka kai sabo, naka na kanka, ba cikin gidan Tankari ba. Ka biya lanho, in ba ka tikiti, meri ta buga hatimi. Babu wanda ya taɓa kabarin kowa."

"Wannan ai ƙarya ce."

"Ka zo daga Dutsi ko ba ka zo ba?"

Sha'ibu ya ji tambayar ta yi masa kama da wata da ya ji a gindin gawo. Ya waiwaya. Ɗantala na can ƙarshen sahu yana duban yatsun ƙafarsa.

Liman ne ya faɗi sauran, don shi ba ya iya barin magana rabi. Baƙo, in ji shi, al'ada ta san yadda ake karɓar shi. Yakan kawo goro da zakara ƙofar mai gari. Yakan sami mai masauki da zai tsaya masa. Kuma baƙo ba shi da gonar gado. Aro ake ba shi, ya noma, in an yi girbi ya kai damin godiya gidan mai gona.

"Ni na ɗauke shi," in ji Ɗantala daga can, da sauri kaɗan fiye da yadda ya kamata. "Ɓangaren gawo, shi noma abinshi. Wa za shi hana shi?"

"Ka ara mini gonar ubana."

"Takarda ce kawai, Sha'ibu," in ji Jibrilla. "Mu nan duk mun san ɗan wa kake."

Aka yi ta gyaɗa kai. Sha'ibu ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, furfura da haƙoran da suka zube. Sun sani, gaskiya ne. Amma ya yi zaman ofis ya ga yadda abin yake: masu sani sukan tafi, takarda ta zauna. Wata rana 'ya'yansa za su zo daga Yamai su tsaya gindin gawon nan, 'ya'yan Ɗantala su ce baƙo aka ara wa, kuma babu ko ɗaya cikin masu gyaɗa kan nan da zai kasance a wurin.

"Zan yi shawara," ya ce, ya ɗauki takalminsa.

Sama ce ta yi masa shawarar. Washegari da hantsi iska ta juya, gari ya yi duhu, kaji suka shige ƙarƙashin rumbu. Ba ruwan shuka ba ne, ɗan gajere ne mai faɗa, irin wanda ke zuwa ya gwada gari ya wuce. Shi da Shatu suka yi ta jan tsohuwar tamfol suna ɗora wa bango, iska na fizge ta. Da ya ɗauke, kusurwar ɗakin gabas ta zube, tubali ya narke ya kwanta kamar tuwon da ya kwana. Shatu ta tsaya a kai, zaninta sharkaf. Rashin ba'arta ya fi ba'arta ciwo.

Ya shiga gidan maƙwabta ya sayi zakara.

Zaidu ya sa an shimfiɗa babbar tabarma, dattawa suka zauna. Sha'ibu ya tsaya a ƙofar zauren da ya sha shiga ba sallama tun yana yaro, goro a hannu ɗaya, zakara na fuffuka a ɗayan, ya yi sallama. Aka amsa. Ya durƙusa, bayansa ya yi ƙara.

"Baƙo, daga ina?" in ji Zaidu. Ya so ya sa wasa a ciki, wasan ya ƙi fitowa.

"Daga Dogon Dutsi, ranka shi daɗe."

"Mi ke tahe da kai?"

"Wurin zama nake nema."

"Wa ka sani a garin ga?"

Sha'ibu ya juya ya dubi wansa.

"Ɗantala," ya ce.

Ɗantala ya ce ya karɓa. Aka raba goro, aka shafa fatiha. Sha'ibu ya zaro kuɗin nan da aka ƙi karɓa rannan ya ajiye, wannan karon Zaidu ya ɗauka, ya yago tikiti ya miƙa masa.

"Kai ɗaya, lanho biyu a shekara guda," in ji Sha'ibu. "Dutsi ta ci, kun ci."

"Yi haƙuri, tobashi. Mamacin ya daɗe yana hutawa. Bari baƙon shi ɗan taɓa."

A gida Shatu ta karɓi tikitin ta juya shi gaba da baya, ko da yake ba ta karatu.

"To yanzu ni matar wa ce? Ta mamacin ko ta baƙon? In ta baƙon ce sai a sake ɗaura aure, kuma wannan karon ba ni yin araha."

Ya so ya yi dariya don ya ga ba'ar ta dawo. Abin da ya fito ajiyar zuciya ce.

Ranar kasuwa ya shiga meri. Sakatariyar, wata mace mai tabarau da ake kira Basira, ta karɓi tikitin da takardar sallama da katinsa, ta jawo babban littafin ƙauyuka ta buɗe wurin Angwal Ɗunya don ta ƙara sabon kai. Tana bin sunaye da bayan alƙalami tana neman inda aka tsaya. Sai ta dakata. Ta dubi katin, ta dubi shafin.

"Ikon Allah. Baba, ka ga wani mai sunanka a garin. Sha'ibu Tankari, har sunan uba. Amma shi ya daɗe da rasuwa, ga layi nan an ja." Ta ɗago tana murmushi. "Sunayen Arewa ke nan, kowane gari da Tankarinsa. Ko ka san shi?"

Fanka na juyawa a sama ba ta kawo iska. Ta taga yana jin hayaniyar kasuwa, masu rake da masu rogo, da wani can yana buga kwanon rufi don mai saye ya ji kaurinsa. Maganar Mus'ab na nan cikin aljihunsa, gaskiyar da ba ta bukatar ɗan rakiya. Kalma ɗaya ce. Ya tuna sahun gaba na masallaci. Ya tuna kusurwar da ta zube.

"Na san shi," ya ce.

"Ɗan'uwa ne?"

"Tare munka tashi. Yaro ne mai son mota. Ya bar gari shekarar anza."

"Wayyo. Allah ya jiƙan shi."

Sha'ibu ya sunkuyar da kai.

"Amin," ya ce.

Ta rubuta sunansa a can ƙasan shafi, shi kaɗai, nesa da gidan Tankari. Ta hura hatimi ta buga a kan takardar rai, ta miƙo masa tawada ba ta bushe ba. Ya riƙe ta da yatsa biyu ya fita. Motar Dutsi na bakin kasuwa tana jiran cikon mutum ɗaya, kuma kujerar da ta rage ita ce ta baya, kan taya.